Tambaya da Amsa: In Daina Ƙona Shara, Ina Zan Kai Ta?

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan watan, dukkansu a kan shara, kuma ba abin mamaki ba ne da suka zo a tare, domin da zarar hunturu ya kama sai hayaƙin juji ya kwanta a cikin lungu ya ƙi tashi. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwar gida ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a wata sabuwar unguwa a bayan gari, inda motar kwasar shara ba ta taɓa shigowa ba tun da muka tare shekara shida da suka wuce. Duk bayan kwana uku nakan tara sharar gida a wani kango da ke jikin katangarmu in cinna mata wuta bayan sallar asuba, kamar yadda na taso na ga mahaifiyata tana yi. Kwanan baya maƙwabciyata ta yi sallama ta ce hayaƙin yana tayar wa ɗanta asma, ta roƙe ni in daina. Maigidana ya ce kada in kula ta, wai hayaƙin ma korar sauro yake yi, kuma ko a ƙasashen Turawa ƙona shara ake yi. Raina bai kwanta ba, amma ban san inda zan kai sharar ba idan na bar ƙonawa, domin yaran da muke ba kuɗi su kwashe a baro na gano cewa a kwalbatin bakin titi suke juyewa. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki tana da gaskiya, kuma ta kyauta da ta zo ta same ki a cikin gida maimakon ta wuce wurin mai unguwa. Ban ga laifinki ba a kan bin abin da kika gada, domin a zamanin mahaifiyarki wannan al'ada ba ta da illar da take da ita yanzu. Sharar ce ta canza.

Ina tuna jujin gidan kakata a cikin birnin Kano. Abin da ke cikinsa bai wuce tokar murhu, ƙaiƙayi, guntayen karan dawa, ganyen da aka ƙunso daddawa, fasasshiyar ƙwarya, tsumman saƙi da kashin awaki ba, kuma ba a cika sa masa wuta ba, saboda yana da masu so. Da bazara ta yi sai manoman karkara su shigo da jakuna ɗauke da itace, su sauke, su cika mangala da juji su koma da shi gona. Michael Mortimore, masanin da ya yi nazarin noman kewayen Kano tun a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan taki yana cikin abubuwan da suka sa ake noma gonakin kusa da birni kowace shekara ba tare da an bar su sun huta ba. To, ki duba kwandon shararki na yau kafin ki juye shi. Za ki tarar da ledar fiyawata, baƙar leda, robar lemo, famfas, tsinkakken silifa, mataccen batir, guntun wayar caja, soson katifa da gwangwanin maganin sauro. Waɗannan ba su san ruɓewa ba, kuma wuta ba ta cin su yadda take cin kara. Leda narkewa take yi tana ɗiga, wutar tana ci ƙasa-ƙasa saboda danshin ragowar abinci, baƙin hayaƙi yana turnuƙewa, warinsa yana kama kayan da aka shanya a igiya har sai an sake wanke su.

A cikin wannan hayaƙin akwai ɓurɓushin da ido ba ya gani, wanda ya fi silin gashi siranta kusan sau talatin, shi ya sa yake wuce hanci da maƙogwaro ya shige can cikin huhu, wani har cikin jini. Shi ne yake tayar da asma, yake sa tari mai naci ga yara da tsofaffi, yake ƙara wa mai ciwon zuciya wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta cikin gida da ta waje, tana jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 a kowace shekara. Lokacin da kika zaɓa kuma shi ne mafi muni, ko da yake na san kin zaɓe shi ne don kada ki dami mutane da rana. Da asubar hunturu iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya, sai hayaƙi ya rasa hanyar tashi sama, ya bi lungu yana shiga ta taga yana samun yara a kan shimfiɗarsu. 'Ya'yanki biyar sun fi ɗan maƙwabciya kusa da wutar.

Akwai wata illa da ta fi tari daɗewa. Idan aka ƙona abin da ke da sinadarin kulorin, kamar robar PVC da ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita, ko ma gishirin da ke cikin ragowar miya, a wutar da ba ta da ƙarfi sosai, akan samu wata guba da ake kira dayoksin. Zafin da ya fi haifar da ita yana wajajen digiri 300 zuwa 400, wato daidai irin wutar juji mai ci a hankali, kuma jan ƙarfen da ke cikin guntayen waya yana ƙara saurin samuwarta. Wannan guba tana sauka a ƙasa da kan ganye, tana zama a cikin toka, dabba ta ci, ta taru a cikin kitsenta, mu kuma mu same ta a nama da madara da ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga, kuma kafin rabinsa ya bar jiki sai an yi shekara 7 zuwa 11. Yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, yana taɓa garkuwar jiki da haihuwa da girman jariri a ciki. Saboda irinsa ne ƙasashen duniya suka rattaba hannu a yarjejeniyar Stockholm a 2001, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an gwada ƙwan kajin da suke kiwo a Agbogbloshie, filin da ake ƙona wayoyi da kayan lantarki a birnin Akra kafin a rushe shi a 2021, aka tarar cewa ƙwai ɗaya yana ɗauke da dayoksin da ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta amince mutum ya ci a rana har sau 220. Kangonki bai kai wancan fili ba ko kusa, amma hanyar ɗaya ce, kuma idan kina da kaji na tabbata kin sha ganinsu suna tono a cikin tokar da zarar ta huce. Wannan ne ma ya sa nake roƙon mata su daina hura gawayi da leda, domin a nan fuskar mai girki ce a kan hayaƙin, tukunya kuma tana jira a gefe.

Maganar Maigida ta farko tana da ɗan kamshin gaskiya, domin kowane hayaƙi yana korar sauro na ɗan lokaci, amma da ya washe sai su dawo, kuma gwangwanayen da wuta ta bari a kangon su ne za su tara ruwa da damina su zama wurin ƙyanƙyasarsu. Gidan sauro ya fi wannan aiki, kuma ba ya sa kowa tari. Maganarsa ta biyu ma haka ne, Turawa suna ƙona shara. Ƙasar Suwidin tana ƙona kusan rabin sharar gidajenta tana samar da lantarki da ɗumin ɗaki. Sai dai a masana'anta ake yi, inda dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa hayaƙin ya kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu domin gubar ta lalace, sannan a tace shi kafin ya fita, a kuma killace tokar a matsayin abu mai haɗari. A Amurka kuwa, bayan an tsaurara wa irin waɗannan masana'antu, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta gano cewa ƙona shara a bayan gida, wanda mutanen karkararsu suke yi a cikin ganga, shi ne ya zama babbar hanyar fitar dayoksin da aka iya aunawa. Ki karanta masa wannan cikin ladabi, a lokacin da ya ci ya ƙoshi.

Ta fuskar doka, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta Najeriya, wato NESREA, da gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 tana da ƙa'idojin 2011 da suka taƙaita ƙone-ƙone a fili, ko da yake kowa ya san wannan doka ba ta cika shiga lungu ba. A ganina hadisin nan da ya ce ba cuta ba cutarwa ya ishe mu, tunda mai haƙƙi ta riga ta zo da kanta ta faɗa.

Yanzu sai tambayarki ta gaskiya, wato inda za ki kai sharar. Shawarata ita ce ki daina kallonta a matsayin abu guda, domin haɗa ta wuri ɗaya shi ne yake mayar da ita matsala. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa a ƙasashe irin namu fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganye, mu kuma a nan sai a ƙara da rairayin da tsintsiya take kwasowa daga tsakar gida. Wannan kaso duk ba ya buƙatar mota. Ragowar tuwo da shinkafa, ɓawon doya da na dankali, ganyen kabeji da ƙanzo, ki ware musu roba ɗaya, idan ba ki kiwo akwai mai kiwo a layinku da za ta aiko yaro kullum ta kuma yi miki godiya. Abin da dabba ba ta ci, ki sa a haƙa masa rami mai zurfin gwiwa ko ƙugu a gefen gida, a riƙa zubawa ana yayyafa tokar itace da ƙasa a kai saboda ƙuda, ana ɗan jiƙa shi da rani, ana juya shi bayan mako biyu. Kada a sa nama ko mai, domin ɓeraye. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙar ƙasa mai laushi wadda ba ta wari, ki zuba wa zogalenki ko ki ba mai lambu, wanda a tsadar takin zamani ta yanzu ba zai ƙi ba.

Kaso na biyu shi ne abin da ke da kuɗi: ƙarfe, alminiyam, gwangwani, kwali, kwalba, fasasshen bokiti da kujerar roba, robar lemo, har ledar fiyawata idan an tara ta a bushe a cikin buhu. Waɗannan masu saye suna yawo da ƙafarsu, kuma zan ƙara bayani a kansu a amsa ta ƙarshe. Idan kika yi haka na mako biyu za ki yi mamakin ƙanƙantar abin da ya rage, wanda yawanci bai wuce baƙar leda, ledar biskit da taliya, da famfas ba. Baƙar ledar ma ana rage ta tun daga kasuwa idan aka ba ɗan aike jaka ko kwando. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maradi ya san cewa doka a takarda ba ta hana mai tumatir miƙo leda idan mai saye bai zo da mazubi ba.

Wannan ragowar ita ce haƙƙin hukuma. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin, kamar REMASAB a Kano, KEPA a Kaduna da LAWMA a Legas, sai AEPB a Abuja. A Nijar aikin yana hannun ma'aikatar magajin gari. Rahoton Bankin Duniyar da na ambata ya ce kashi 44 cikin 100 kawai ake kwashewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, saboda haka halin da kuke ciki ba baƙo ba ne, kuma sababbin unguwanni su ne na ƙarshe a layi. Gida ɗaya ba ya sa mota ta shigo, amma gida arba'in suna iyawa. Maigida ya fi ki damar wannan aikin: ya tayar da maganar a masallaci, a je wa mai unguwa da kansila, a rubuta takarda da sa hannun magidanta ana neman mazubi a bakin titi ko ranar da mota za ta riƙa zuwa, a ajiye kwafi, a koma bibiya. Yaran baro kuma ba korarsu za a yi ba. A zaɓi biyu ko uku da aka san iyayensu ko malaminsu, a nuna musu wurin da aka amince a zuba, unguwa ta biya su a ƙarshen mako bayan wani ya tabbatar can suka kai, domin kwalbatin da suke cikawa yanzu shi ne zai maido muku da ruwa cikin ɗaki a watan Agusta. Ba zan ɓoye miki ba cewa jujin hukuma ma yakan kama wuta, kamar yadda na Olusosun a Legas ya yi a 2018 har hayaƙi ya rufe unguwanni, amma gyaran wannan yana wuyan gwamnati, kuma bai zama hujjar kunna ƙaramin irinsa a jikin katangar ɗakin yara ba. Kafin mota ta samu, ki binne ragowar a rami dabam, nesa da rijiya, kina rufewa da ƙasa.

Tambaya: Malam, ina jin nauyin tambayar nan, amma ta dame ni. Ina da jariri, kuma famfas ɗinsa da audugar al'adata ba na iya jefa su a shara, saboda karnuka da yara suna tonowa, kuma surukata ta gargaɗe ni cewa mugun mutum yana iya ɗauka ya yi wa mutum asiri da su. Shi ya sa nake ƙona su a bayan banɗaki, amma ba sa ci sai na zuba kalanzir. Akwai wata hanya?

Amsa: Malama, babu abin jin nauyi, kuma mata da yawa za su gode miki da kika tambaya a madadinsu. Dalilin da ya sa ba sa ci shi ne a cikin famfas akwai wani gari da yake shan ruwa ya kumbura ya zama kamar kamu, an kuma naɗe shi da leda ciki da waje, saboda haka jiƙaƙƙiyar roba kike ƙoƙarin ƙonawa. Irin wannan wutar ita ce mai hayaƙi mafi yawa, kuma sau da yawa tsakiyar ba ta ƙonewa, sai ki ga kin sha hayaƙin kuma ƙazantar tana nan. Zuba kalanzir a kan wutar da ta riga ta kama, ko fetur a kowane hali, ya ƙona mata da yawa a hannu da fuska, musamman mai sanye da mayafi.

Abin da ke damun surukarki da abin da ke damun likita sun haɗu a wuri ɗaya, wato kada wani ya kai hannu ga abin, kuma binnewa ta biya buƙatar kowa fiye da wutar da take barin rabi. Ki fara kankare kashin jaririn ki zuba a masai, domin kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa kamar na babba, ko da yake mun saba raina shi. Sai ki naɗe famfas ɗin ki ɗaure, ki ajiye a bokiti mai murfi. A sa a haƙa rami mai zurfi sosai, wanda kare ba zai iya tonowa ba, a nesa da rijiya ko burtsatse da kimanin mita 30 idan fili ya ba da dama, a rufe bakinsa da faifan kwano da dutse, duk abin da aka jefa a bi shi da toka ko ƙasa. Audugar ma haka, bayan kin naɗe ta a takarda. Kada ki jefa ɗayansu a cikin masai, domin ba sa ruɓewa, suna cika rami da wuri, masu yashe shadda kuma su ne suke fama da su da hannu. Inda akwai motar shara mai zuwa a kan kari, ƙulli mai kyau a cikin buhu ya wadatar.

Abin da zai rage miki wahalar gaba ɗaya shi ne ki koma wa nafkin na yadi da rana idan kina gida, ki bar famfas sai dare ko fita unguwa. Iyayenmu da shi suka raine mu, rana kuma ba ta yi mana rowa wajen shanya. Kuɗin da za ki rage a wata ma ba kaɗan ba ne.

Tambaya: Malam, ni malamin Islamiyya ne, kuma muna tara tsofaffin littattafan yara da yagaggun shafukan Alƙur'ani da takardun jarrabawa masu ɗauke da ayoyi. Idan ƙona shara ba shi da kyau, su kuma yaya za mu yi da su?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, wannan ba shara ba ce, kuma abin da na faɗa a sama bai shafe ta ba. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Halifa Usman, Allah ya ƙara masa yarda, bayan an tattara Alƙur'ani a mushafi guda ya yi umarni a ƙona sauran rubuce-rubucen, kuma malamai sun halatta ƙonawa ko binnewa a wuri mai tsarki domin kare alfarmar rubutun. Busasshiyar takarda ita kaɗai tana ci da sauri da hayaƙi kaɗan. Abin da zan ƙara kawai shi ne a cire bangon leda da na roba tukuna, a ƙona a cikin kasko ko rabin ganga mai tsabta, da rana tsaka, lokacin da yara ba sa nan kuma iska ba ta kaɗawa, a tsaya a kai har ta cinye, sannan a binne tokar inda ba a takawa. Kada a haɗa da sharar makaranta don a huta da aiki biyu.

Tambaya: Malam, a unguwarmu an hana 'yan bola jari shigowa, saboda an sha kama wasunsu da murfin kwalbati da wayar wuta da tukwanen mutane. Yanzu gwangwani da roba sun taru a gidaje, wasu sun koma ƙonawa. Ni ina cikin kwamitin unguwa. Shin mun yi kuskure ne?

Amsa: Ranka ya daɗe, ba ku yi kuskure ba da kuka tsare dukiyar mutane, kuma ba ku kaɗai ba ne. Gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023 saboda dalilan tsaro, hukumar birnin Abuja ma ta hana su yawo a cikin gari. Kuskuren shi ne rufe ƙofa ba tare da an buɗe wata ba, domin a garuruwanmu kusan duk abin da ake sake sarrafawa ta hannun waɗannan mutanen yake bi. Yaron da kake gani da buhu da maganaɗisu a ɗaure da igiya yana kai wa dillali mai sikeli, dillali ya rarrabe ya tara. Ƙarfe ya hau tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, alminiyam ya tafi wurin maƙeran da suke zuba tukwane da ludaya, roba kuma a ware ta bisa launi da iri, a wanke, a niƙa ta a inji, a sayar wa kamfanonin da suke yin buta da bokiti da silifa, irin waɗanda suke Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Butar da ka yi alwala da ita yau da wuya a ce babu tsohuwar roba a jikinta.

Abin da nake ba ku shawara shi ne kwamiti ya je wurin dillalin da ya fi kusa da ku, wanda yake da fili da aka sani, ku yi yarjejeniya da shi a gaban mai unguwa. Ya ba ku mutum ɗaya ko biyu da zai tsaya musu, su riƙa zuwa rana ɗaya a mako, su tsaya a wuri ɗaya da sikelinsu, kowane gida ya fito da abin da ya tara, ba shiga lungu, ba leƙa zaure. Wanda aka gani da buhu a wata rana dabam kun san ba naku ba ne. A Kano ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta dace da wannan, tunda kowa yana gida da safe. Wasu gidajen za su so kuɗinsu a hannu, wasu za su bar wa kwamiti, kuma abin da ya taru yana iya rage kuɗin masu kwashe ragowar sharar.

Ku sa sharaɗi biyu a cikin yarjejeniyar. Na farko, ba za a ƙona waya ko taya a unguwarku don a ciro ƙarfen ciki ba, feɗe waya ake yi da wuƙa. Na biyu ya shafi batir, musamman na mota da na sola da suka yawaita a gidaje yanzu. Akwai dalma a cikinsu da ruwan batir mai ƙuna, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a Thiaroye-sur-Mer, a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, saboda ana fasa tsofaffin batura ana tace ƙasar wurin a cikin unguwa, mu ma nan ba mu manta da yaran Zamfara kusan 400 da dalmar haƙar zinariya ta kashe a 2010 ba. Mataccen batir a mayar da shi a rufe yadda yake wurin mai sayar da sabo, wanda yawanci yakan karɓa ya rage kuɗi, kada a bari a fasa shi ko a zubar da ruwansa a ƙofar gida. Jarkar maganin feshi na gona kuma a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a cikin injin feshi, a huda gindinta kafin ta bar hannun mai ita, domin idan ta fita lafiya lau, wata rana za a gan ta a kasuwa cike da man gyaɗa.